Taswira Mai Dauɗa

Duk wanda ya ce kyauta ba ta da nauyi bai taɓa aiki a ɗakin karatu ba. Fibi ta shekara tara tana karɓar kyauta a ɗakin karatun wata ƴar cibiyar binciken ƙasa da ruwa da ke Arlit, can bayan tashar mota, kuma in da za a tambaye ta, za ta ce rabin abin da mutane ke kawowa da sunan alheri shara ce suka rasa inda za su zuba. Mutum zai shigo da littafin lissafin aji uku wanda bangonsa ya daɗe da tafiya, ya dire shi kan tebur, ya tsaya yana jiran godiya kamar wanda ya kawo ragon suna. Fibi takan yi godiyar, don aikinta ke nan. Ta buga tampo, wato hatimin cibiya, ta ba abin lamba, ta rubuta sunan mai kyauta a babban littafi.

Shekarar da aka rufe ramin uraniyom na Akokan abin ya wuce misali. Injiniyoyi da malaman lakwal, wato makarantar boko, da ma'aikatan likita, kowa na ɗaure kayansa zai koma inda ya fito, ga shi kuwa babu abin da ke cin wuri a mota kamar littafi. Aka yi ta sauke kwali kan kwali a ƙofar cibiyar har hanyar banɗaki ta toshe. A cikin tarin nan littafi ɗaya yakan zo sau biyar. In littafi ya zo alhali akwai irinsa a kan kanta, sai shugaban ɗakin, wanda ake kira Mushe Jacques irin kiran Faransanci, ya ce an haifi tagwaye. Dokar tagwaye kuwa ba ta da kwana-kwana: a ajiye wanda ya fi tsabta, mai dauɗa ya tafi kwalin musaya. Sau ɗaya a shekara akan rubuta lista ta duk abin da ke kwalin, a aika wa ɗakunan karatu na jami'o'i, na gida da na waje, su zaɓi abin da suke so, su ma su aiko da rarar da suke da ita. Da haka ƙaramin ɗaki irin nasu, wanda ba a ware masa ko dala don sayen littafi, yake samun abin sa wa kanta.

Mushe Jacques mutumin Damagaram ne, dogo, mai tafiya a hankali, dattijo a ƴar majami'ar da su Fibi ke zuwa. Shi ya ɗauke ta aiki bayan rasuwar mahaifinta, lokacin ba ta san bambancin rahoto da mujalla ba. Shi ya koya mata wanke hannu kafin ta taɓa tsohuwar takarda, da yadda ake buɗe littafi ba tare da an karya masa baya ba, da cewa mai ilimi ba ya lasar yatsa don juya shafi. In ya ce mata abu kaza haka yake, ba ta komawa ta duba. Ba lalaci ba ne, haka ake yi wa uba.

Tana da wani uban kuma. Intala Ba'abzine ne, ya shekara talatin yana tuƙa masu binciken duwatsu cikin daji, daga Gougaram har bakin iyaka. Shi ne direba, shi ne ɗan jagora, shi ne ya san inda ruwa yake. Samson, mahaifin Fibi, shi ne bakaniken da ke gyara masa mota a gareji. Intala Musulmi, Samson Kirista, amma butar shayi ɗaya suka sha shekara ashirin. Ranar da Samson ya rasu, Intala ne ya ɗauki gawar a motarsa ya kai ta Maradi, tafiyar kwana biyu, ya tsaya a bakin kabari har aka gama addu'o'in da ba irin nasa ba. Tun daga ranar Fibi ba ta da sunan da take kiransa da shi sai Baba.

Masu binciken nan sukan ba shi taswira bugun inji, in sun gama aiki su bar masa ita. Ya tara goma sha huɗu. Su masu bugawar daga jirgin sama suka kalli ƙasar, don haka inda ba su ga komai ba suka bar shi fari. Intala kuwa da ƙafa ya san ta, sai ya yi ta cike farin da fensir da biro, da rubutun tifinar na mutanensa, ɗigo-ɗigo da ƴan da'irori da ƙananan sanduna, wanda baƙo zai rantse sawun kaji ne. Nan rijiyar wane, ga wanda ya haƙa ta, ga shekarar da aka haƙa. Nan in ka tona kamu biyu bayan ruwan sama za ka sha. Nan ciyawa ke fara tsirowa. Nan mota ke kafewa. Nan kaburbura bakwai, da sunayen masu su ɗaya bayan ɗaya. Akwai tabon shayi, akwai na man inji, akwai kusurwar da akuya ta ɗanɗana.

Fibi ce ta nace a kawo su ɗakin karatu, wannan kam ba ta da wanda za ta ɗora wa. Idon tsohon ya fara yin yana, kuma wata damina ruwa ya shiga ɗakinsa a Akokan ya taɓa akwatin da suke ciki. Ta yi wata bakwai tana zuwa gidansa duk Asabar, ta sha shayi, ta kawo maganar, ya kau da ita. Ya ce shi ya ga yadda takarda ke shiga biro, wato ofis, ta ƙi fitowa. Ta ce wannan ba biro ba ne, ɗakin karatu ne, akwai aljihun ƙarfe wanda ruwa ba ya shiga, ɓera ba ya shiga, kuma jikokin jikokinsa za su zo su gani. Daga ƙarshe ya yarda bisa sharaɗi biyu: kada su bar Arlit, kuma duk ɗan danginsa da ya zo a shimfiɗa masa su ya duba. Ya kawo su da kansa, naɗe cikin fatar akuya. Hausarsa irin ta mutanen daji ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa.

"Ni ban san gidan nan ba," in ji shi. "Kai na sani. Kai na ba."

Takardar karɓar kyauta bugaggiya ce, ba ta da gurbin rubuta sharaɗi. Can ƙasa ma akwai wani ɗan siririn layi mai cewa cibiya na da ikon yin yadda ta ga dama da abin da aka ba ta. Fibi ta nuna wa Mushe Jacques layin. Ya yi dariya ya ce don tsofaffin mujallu aka sa shi, wa zai taɓa abu irin wannan, kuma maganar dattijo da dattijo ta fi takarda. Ya riƙe hannun Intala da hannu biyu, ya maimaita sharuɗɗan da bakinsa, Intala ya dangwala yatsa. Fibi ta shimfiɗa taswirorin a aljihu na uku, a kan wasu irinsu sak na cibiya, farare tas, waɗanda tun da aka kawo su ba wanda ya taɓa buɗewa. Ta lura lambar bugunsu ɗaya ce. Ba ta kawo komai a ranta ba, don a ganinta babu mai hankalin da zai kira su tagwaye.

Bayan wata biyar wani baƙo ya zo daga wata babbar cibiyar bincike ta ƙasar waje, ɗaya daga cikin abokan musayarsu. Bature ne mai ladabi, irin wanda ke gaida mai gadi kafin ya gaida shugaba. Fibi da kanta, don alfahari, ta ja aljihu na uku ta nuna masa. Ya yi kwana biyu a sunkuye kansu, ko abincin rana bai fita ci ba. Daɗi ya kama ta har ta je Akokan ta ba Baba labari cewa rubutunsa ya hana bature cin abinci, suka yi ta dariya. Ranar da baƙon zai tafi ya daɗe a biron Mushe Jacques, ƙofa a rufe.

A ƙarshen shekarar mahaifiyarta ta kwanta ciwo a Maradi. Lokacin listar musaya ne, aikin da ke cin mako biyu, ga motar da za ta shiga washegari da safe za ta tashi. Mushe Jacques ya ce ta je ta haɗa kayanta, shi zai rubuta listar da kansa, ai uwa ta fi takarda. Da la'asar ya miƙo mata shafi goma sha ɗaya, layi ya kusa ɗari huɗu, ya ce ta sa hannu a ƙasan kowane shafi tunda sashen nata ne. Ta sa, hankalinta yana Maradi. Har godiya ta yi masa da ƙwalla a ido. Ya yi mata addu'a, ya ce ta gaida mai jiki.

Ta dawo bayan mako biyar, uwa ta sami sauƙi. Ba a daɗe ba kaya suka fara isowa daga ƙasar waje: mujallun binciken ruwa sababbi dal, kwali goma sha biyu, da na'urar kwamfuta guda biyu, da izinin karanta wasu dubban takardu ta intanet har shekara uku. Ɗalibai suka fara cika ɗakin da a da sai ƙudaje. Fibi ce ta buga wa kayan tampo ɗaya bayan ɗaya, tana yaba ƙoƙarin Mushe. Aljihu na uku kuwa ba a buɗe shi sai an nema, kuma ba wanda ya nema. Wata tara cur, duk Asabar ɗin da ta je Akokan Baba yakan tambaye ta ya takardunsa, ta ce suna nan lafiya, ko ƙura ba ta taɓa su.

Ranar wata Laraba da hantsi Alkassoum, babban ɗan Intala, ya shigo. Makiyayi ne, ba mai shiga gari ba sai da dalili, kuma da ganin yadda ya ƙi zama ta san akwai magana. Ya ce wasu masu haƙar zinariya da ke bin hanyar Tchibarakaten suna son kafa wurin niƙa dutse da wanke shi kusa da wata tsohuwar rijiya a yankin Gougaram, saboda ruwan. Su a wurinsu fili ne ba kowa. Amma daga gabas da rijiyar akwai kaburburan danginsu, tarin duwatsu ne kawai, rairayi ya rufe fiye da rabi, kuma mahaifiyar Intala tana cikinsu. Hukumar gari ta sa zama ranar Litinin, ta ce kowa ya kawo shaidar da ta girmi rigimar. Maganar baki za a ce yau aka ƙirƙire ta. Amma takardar da aka rubuta shekara talatin da suka wuce, da sunaye da shekaru, ga tampon cibiya a kai, wannan ba mai musun ta. Shi yana karanta tifinar amma bai san kan taswira ba, tsohon ya san kan taswira amma ido ya tafi, don haka ranar Juma'a da safe za su zo tare.

Fibi ta ce su zo, ai don irin wannan ranar aka ajiye su. Yana fita ta wanke hannu, ta ɗauko mabuɗi, ta ja aljihu na uku.

Taswira goma sha huɗu na nan, farare tas. Ta ɗaga su ɗaya ɗaya, ta sake ɗagawa. Ta ja aljihu na biyu da na huɗu, ta leƙa bayan kanta, har ƙarƙashin tebur ta duba, ko da yake ta san taswira ba allura ba ce. Da ta rasa inda za ta duba, sai ƙafarta ta kai ta inda zuciyarta ba ta so, wurin da ake ajiye kwafin listocin musaya. A shafi na tara ta same su, layi goma sha huɗu a jere, kowane da bayani iri ɗaya: taswira, kwafi na biyu, mai dauɗa, an yi rubutu a kai. A ƙasan shafin ga sa hannunta, da ɗan lanƙwasar nan da take yi wa harafin farko tun tana lakwal.

Ba fushi ne ya fara zuwa ba, kunya ce, mai zafi, irin ta wanda aka tuɓe a kasuwa. Sai ta tuna addu'ar da Mushe Jacques ya yi mata ranar, da hannunsa a kan kafaɗarta, da godiyar da ta yi masa. A nan ne fushin ya iso.

Ta same shi a biro yana gyara madubin idonsa. Ba ta gaishe shi ba, karo na farko cikin shekara tara. Ta ajiye shafin a gabansa.

"Mushe, ina taswirorin Baba Intala?"

Bai yi musu ba, kuma wannan ya fi mata ciwo, don da ya yi ƙarya da ta san har yanzu yana jin nauyinta. Ya ce ta zauna, ta ƙi. Ya yi mata bayani a tsanake, da muryar da yake karanta nassi ranar Lahadi. Ya ce tun da aka rufe ramin Akokan jami'ar da cibiyar ke ƙarƙashinta ke neman dalilin rufe reshen Arlit, an ce ɗakin da ba shi da abokan hulɗa ba shi da amfani, takardar rufewa ta riga ta iso teburin wani. Baƙon nan ya nemi abu ɗaya, ya yi alkawarin abu goma. Ya ce ta dubi ɗaliban da ke zaune a waje yanzu. Ya ce can akwai ɗakin sanyi da masu gyaran takarda, nan kuwa zafi zai cinye fensirin cikin shekara goma. Ya ce sun yi alkawarin aiko da hotunansu, amma tun da al'amura suka dagule tsakanin gwamnatoci wasiƙa ba ta samun amsa, wannan kuma ba laifinsa ba ne.

"Kun riƙe hannunshi," in ji Fibi. "Gabana kunka riƙe shi. Kunka ce ba su barin Arlit."

"Na riƙe. Amma ba a karya doka ba, Fibi. Tagwaye ne, lambarsu ɗaya. Doka ta ce mai dauɗa ya tafi."

"Wanga rubutu shi ne dauɗa?"

Ya mayar da madubin a idonsa, ya jawo shafin, ya juya shi ya fuskance ta, ya ɗora yatsa a ƙasa. Ya yi maganar a hankali, kamar mai jin tausayinta.

"In magana ta tashi, ƴata, sashen wa ne? Wa ya sa hannu?"

Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu magana. Fibi ta gane a tsayen nan cewa ba mantuwa ba ce, ba gaggawa ba ce. Mutumin nan ya san ba za ta taɓa yarda ba, ya kuma san ba za ta taɓa duba abin da ya miƙo mata ba, sai ya jira ranar da uwarta ke kwance. Yardar da ta yi masa ita ya auna, ya ga za ta ɗauki taswira goma sha huɗu, ya ɗora mata su.

Sauran ranar da Alhamis duka ta yi su gaban na'ura, ɗaya daga cikin biyun da aka aiko, tana rubuta wa cibiyar can wasiƙa. Ta rubuta wa baƙon, ta rubuta wa shugaban ɗakinsu, ta rubuta wa duk adireshin da ta gani. Ba ta ce a dawo da su ba, ta san ihu ne bayan hari. Hoton shafi ɗaya kawai ta roƙa, na gabashin Gougaram, kafin Litinin. Amsa ɗaya ta zo, irin wadda na'ura ke bayarwa da kanta: an gode da saƙonta, kayan da aka karɓa kwanan nan ana kan tsara su, ba a buɗe su ga masu bincike ba tukuna. Ta yi niyyar zuwa Akokan ta faɗa wa Baba tun kafin ya wahalar da kansa. Har ta tsayar da ɗan kabu-kabu, sai ta ce masa ya tafi. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ta san tsoro ne.

Juma'a da safe suka zo. Intala ya sa babbar rigarsa mai shuɗi da rawaninsa na fita, hannunsa a kafaɗar Alkassoum, yana taka ƙasa a hankali. Mushe Jacques ya fito daga biro ya tare shi da hannu biyu, ya tambayi gida, ya tambayi dabbobi, ya sa aka kawo kujera. Tsohon ya faɗi shafin da yake so da ka, lambarsa da komai, don shekara talatin yana buɗe shi a kan bonet ɗin mota. Fibi ta ɗauko farin ta shimfiɗa a kan tebur, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba in ba haka ba.

Alkassoum ya sunkuya ya duba, ya duba, ya juya takardar ya leƙa bayanta. Sai ya yi wa mahaifinsa magana da Tamajaq, gajeriya. Fibi ba ta jin harshen, amma ba ta buƙaci tafinta ba. Intala ya miƙa hannu ya laluba gefen takardar, ya bi ta da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa. Biro yakan bar kwarmi a takarda, mai ido ba ya lura, amma yatsa na ji. Ya nemi kwarmin bai samu ba. Ya nemi kusurwar da akuya ta ci, ya same ta a cike.

Sannan ya ce, ba ga kowa ba, wataƙila shi ne ya yi kuskure. Ya ce lokacin da ya kawo su idon ya riga ya fara, mai yiwuwa ya naɗo waɗanda ba su ba, nasa suna can wani wuri a gida. Ko ruɗewa ya yi da gaske, ko ƙofa ce ya buɗe wa ƴar Samson don ta fita da mutuncinta, Fibi ba ta sani ba, har yau kuma ba ta sani ba.

"Yana yiwuwa, Malam Intala," in ji Mushe Jacques, da sauri kaɗan. "Tsufa ne, duk muna ciki. A duba gida da kyau."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya juya wajen ɗansa ya fara ba shi haƙuri, cikin Hausa don kowa ya ji, cewa ya sa shi ya baro dabbobi ya yi tafiyar banza, ya kuma sa ya yi wa hukuma alkawarin shaidar da babu. Mutumin da ya shekara talatin bai taɓa ɓatar da mota a daji ba, yau yana neman gafara don ya ɓatar da kabarin uwarsa. Alkassoum ya kau da kai, don ba a kallon uba a irin wannan hali.

"A'a, Baba," in ji Fibi. Muryarta ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta nufa, har ɗaliban da ke karatu suka ɗago. "Ba ku yi kuskure ba. Su kunka kawo, su na amsa. An ba da su. An yi musaya da su, sun tahi ƙasar waje tun bara. Mushe ya rubuta, ni na sa hannu ban karanta ba. Kuma wata tara ina ce muku suna nan, ban buɗe na duba ba."

Ba wanda ya kalli Mushe Jacques. Intala bai juya wajensa ba ko sau ɗaya, kamar dai babu mutum a wurin. Fuskarsa tana wajen da muryar Fibi ta fito. Ya tambayi nisan ƙasar, ta ce bayan teku. Ya tambaya ko a can akwai mai karanta tifinar. Ta ce ba ta sani ba.

"To," in ji shi. "An kai sunan uwata inda ba mai iya kiran shi."

Hawaye ya zubo mata, ta bar shi ya zuba. Ta ce akwai abin da za a iya yi. Ga farar taswira, ga biro, shi ya faɗa, Alkassoum ya rubuta, ita ta buga tampo, ta kuma bi su Gougaram ranar Litinin ta tsaya gaban hukuma ta rantse cewa ta ga na asalin da idonta. Ta ce in ya yarda ma za ta riƙa zuwa kullum, su sake cike duka goma sha huɗun tun yana da rai, tun abin yana kansa. Tana faɗa tana jin yadda maganar ke fita kamar ta Asabar-Asabar ɗin wata bakwai ɗin nan, amma ba ta da wata.

Intala ya janye hannunsa daga kan takardar, ya goge shi a rigarsa. Ya ce wa Alkassoum ya nemo mota yau, kafin sallar Juma'a in zai yiwu, a kai shi rijiyar. Ya ce ido ya tafi amma ƙafa ba ta manta ba, in aka sauke shi a bakin rijiya zai ƙirga taku ya sami wurin. Zai zauna a kan kabarin. In sun zo da injinsu su same shi zaune.

Ya dafa tebur ya miƙe. Fibi ta matso ta miƙa hannu don ta taimake shi, amma ya riga ya laluba kafaɗar ɗansa.

"Baba, ko rijiyoyin kaɗai ne," in ji ta. "Kar su ɓace."

"Fibi," in ji shi, ba tare da fushi ba, "abin da ya rage a kaina ba shi da yawa. Ba zan ƙara faɗin shi gaban mai riƙe da biro ba."

Suka fita a hankali, Alkassoum yana gaya masa inda matakala take.